Ƙwayar Zarra a Zauren Malam

A gidanmu ba a tsallake littafi. Mahaifina, wanda mu da mutanen gari duk muke ce ma Malam, yana da zaure a Kurfi inda manya ke ɗaukar karatu da hantsi, kuma dokarsa ɗaya ce tun ina yaro: ɗalibi ya ja baƙi, a fassara mashi kalma bayan kalma, ranar da ya ce ya sauke kuma sai ya mayar da fassarar da bakinsa a gaban jama'a. In ya yi tuntuɓe, a koma farko. Na ga dattijo mai jikoki ya shekara yana kai-komo a babi guda, ya fita yana gunaguni, gobe ya dawo da goronsa a aljihu.

Ni kuwa tun ina rarrafe ake kirana Malam Ƙarami, don sunan kakana aka sa mani, Malam ba ya iya faɗinsa. Sunan da kayansa ya zo. Kowa a unguwa ya san buzun da Malam ke zama a kai, wani tsohon buzun rago da gashinsa ya cinye a tsakiya, ni yake jira. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina so. Na yi hadda, na ɗan taɓa littattafan zaure, sannan na zame na tafi jami'a a Dutsin-Ma na karanta fiziks. Malam ya ƙyale ni a kan cewa ƙuruciya ce, za ta wuce.

Ba ta wuce ba. A shekarar ƙarshe aka ba ni aikin bincike a kan ƙwayar zarra, yadda matakin ƙarfin da ke cikinta yake rabuwa biyu, rabuwar da ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Na duba takardun, na ce yo wannan ai wasa ne. Ni da na haddace izu sittin, Turancin wani Bature ne zai gagare ni? Na zauna na haɗiye shi har da waƙafi. Ranar kare aiki na tsaya gaban malamai na zubo shi kamar ana tilawa, suka gyaɗa kai, suka ba ni sakamako mai kyau. Bayan na gama kuma na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a mai nisa. Abin da ya rage ɗaya ne, yardar Malam, kuma ba tare da ita ba ko tasha ba zan je ba. Ba tsoro ba ne, mu dai tafiyar da babu albarka a cikinta ba mu ɗauke ta tafiya ba.

Na same shi bayan la'asar na durƙusa na faɗa mashi. Ya ce in kawo littafin da na rubuta. Na miƙa mashi, ya buɗe shi ta baya kamar yadda ya saba buɗe na Larabci, ya ɗan duba zane-zanen a kife.

"Ka sauke wanga?"

"Na sauke, Malam. Har da yabo."

"Gaban wa?"

"Gaban malaman jami'a."

"Da wane harshe?"

"Da Turanci."

Ya rufe littafin ya ajiye kusa da gwiwarsa. "To can ka sauke. Nan ba ka sauke ba. Ka zo zaure ka mayar mana da fassara. In ka sauke, ka tafi littafi na gaba ko a bangon duniya yake. In ba ka sauke ba, ga zaure, dama shina jiranka."

Na ce to, ina murmushi a ciki. Abin da na kare gaban masu digirin digirgir, tsofaffin Kurfi ne za su tare ni?

Ranar da aka sa, zauren ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga. Dattawan da ke ɗaukar karatu suka jeru jikin bango. Ga kuma Kawu, ƙanen mahaifiyata, makiyayi daga Ɗantutture, wanda bai taɓa zuwa zauren nan don karatu ba sai don ya sha shayi ya tsokani mijin yayarsa. Ya jingine sandarsa ya miƙe ƙafa ya ce shi ma yau ɗalibi ne. Malam na kan buzunsa, ni ina kan tabarma inda ɗalibai ke durƙusawa.

Farko lafiya lau. Na ja baƙin Turanci, na fassara. Na ce kowane abu a duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi, dattawa suka gyaɗa kai, wannan sun san da zamanta. Na ce a tsakiyarta akwai cibiya mai nauyi, a kewaye da cibiyar kuma akwai wani ɗan abu marar nauyi da ake kira ilektiron. Na ce shi ilektiron ɗin ba ya zama inda ya ga dama, matakai gare shi kamar na tsani, ko yana kan wannan ko yana kan wancan, ba ya tsayawa a tsakani. Malam ya ce, "Na'am." Na ji kaina ya ƙara girma. Sai na zo kan jimlar da dukan littafin ya dogara a kanta, na ce, "Matakin can na ƙasa kuma ya rabu gida biyu."

"Wa ya raba shi?" in ji Malam.

Na buɗe baki, Turanci ya fito, tsaf yadda na haddace shi.

"Baƙi ka ja. Fassara."

Na ce wata hulɗa ce tsakanin cibiya da ilektiron.

"Wace irin hulɗa?" Kawu ya tsoma baki. "Ciniki ko auratayya?"

Aka yi dariya. Na share shi, na sa yatsa a ƙasa na fara zana lissafin, alama bayan alama, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Malam ya bari na gama, ya leƙa ta saman tabaransa.

"Rubutu ya yi kyau. Amma ni fassara na ce. Kafin a raba shi, ɗaya ne? Yaushe aka raba? Mi aka raba da shi?"

Malam mutum ne da ya ƙware a rabon gado, ba ya jin kalmar rabo ya wuce ba tare da ya nemi mai rabawa da magada ba. Na sake ɗauko jimlar daga farko da fatan ƙarshenta zai zo da amsa, irin yadda mahaddaci ke yi in aya ta kuɓuce mashi. Ba ta zo da komai ba. Gumi ya keto mani, ga Kawu yana hura shayi yana kallona da ido ɗaya. Nan zuciya ta ɗebe ni, dama ni ba na raina abin faɗa, na ce, "Malam, wannan fa ba irin karatun da ake ganewa a zaure ba ne. Sai mutum ya yi shekaru a jami'a."

Wani dattijo ya fasa tauna goronsa. Malam bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba, ya rufe littafin ya turo mani shi a kan tabarma.

"A koma farko," in ji shi.

A motar komawa Dutsin-Ma ni kaɗai nake faɗa da kaina har na kusa da ni ya matsa. Tarko ne, na ce, dama ba ya so in tafi. Mutumin da bai san ko haruffan Turanci ba shi zai kayar da ni? Kuma Kawu, wanda in ka cire saniya daga hira ba shi da abin cewa, har da shi a masu dariya. Na yi ta yi har muka shigo gari. Amma da na shiga ɗakina na haya da ban riga na saki ba na zauna, fushin ya huce ya bar ni da tambayar tsirara. Wa ya raba shi? Wallahi ban sani ba. Abin ya yi mani ciwo fiye da dariyar Kawu.

Na ɗauko littattafan na fara karantawa irin karatun zaure, kalma ɗaya in tsaya in ce mata mene ne sunanki da Hausa. A nan na ci karo da wata kalma da na sha wucewa ta kanta a guje: maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Littafin na cewa ilektiron ɗan mayen ƙarfe ne, cibiya ma 'yar mayen ƙarfe ce. Na haddace wannan tun tuni, amma ban taɓa tsayawa na ɗauke shi da gaske ba, kuma rabona da riƙe mayen ƙarfe tun muna yara muna jan ƙusa a cikin yashi.

Na tafi kasuwa wurin mai gyaran rediyo na ce ina son mayen ƙarfe biyu, babba da ƙarami. Ya fasa wata matacciyar lasifika ya ciro mani babba mai kama da zobe, ya tono ƙarami daga wata rediyo da ta riga mu gidan gaskiya. Na dawo ɗaki da tsakar rana na zauna ina wasa da su kamar marar aikin yi. Na kusanta su, suka manne da ƙarfi har suka datse mani fatar yatsa, na yi ashar ni kaɗai. Na ɓamɓare su, na juya ƙaramin, na sake kusantawa, sai ya ƙi, yana zillewa yana neman ya wuntsila ya koma yadda yake so. Sai da na danne shi da ƙarfi kafin ya zauna.

Ina danne da shi abin ya faɗo mani. Ga shi nan a hannuna. Wuri ɗaya, abubuwa biyu ɗin nan dai, amma zama iri biyu ne: ɗaya a sake, ɗaya sai da ƙarfi. Ƙarfin nan da nake sawa shi ne tazarar da ke tsakanin matakan biyu. Na koma kan lissafin da na zana ma Malam a ƙasa, sai ga kowace alama ta zama wani abu da na sani. Na daɗe zaune ina tsotsar yatsa ina dariya.

Ranar da na koma zaure mutane sun fi na farko, don an ji ɗan boko ya sha ƙasa kuma zai sake gwadawa. Kawu ya baro shanunsa musamman. Na gaida Malam, na durƙusa, na ciro mayen ƙarfen na ajiye a tabarma. Kafin in yi bisimilla babban ya fizgo 'yar wuƙar da Malam ke fiƙe alƙalami da ita, ta zo ta manne, ƙas. Dattijon da ke kusa ya ja da baya yana a'uziyya. Kawu kuwa ya matso, idonsa ya yi haske.

"Ɗana, wanga abu shina jan ƙusa daga cikin ƙasa? Bara wata karsana tawa ta haɗiyi ƙusa a garke."

Na ce yana ja, amma ya bari a yi karatu tukuna.

Na maimaita na baya da sauri, cibiya, ilektiron, matakai. Da na zo kan jimlar da ta kayar da ni sai na ajiye littafin. Na ce su duka biyun mayen ƙarfe ne, na sa ma Malam babba a hannun dama, ƙarami a hagu, na ce ya haɗa. Suka manne. Na raba su na juya ƙaramin na ce ya sake. Ya tura, abin ya ƙi. Ya sake turawa, ya zille. Malam mutum ne da bai saba a ƙi mashi ba, ya gyara zama ya ciji leɓe ya danna, dattawa suna leƙe kamar ana kokawa.

"Shina turo ni," in ji shi.

Na ce to haka suke a cikin ƙwayar zarra. Ilektiron na kan matakinsa na ƙasa, amma zamansa da cibiya iri biyu ne, na yarda da na tilas. Na tilas ya ɗara na yarda ƙarfi kaɗan, don haka ya ɗan fi shi tudu. Abin da muke ce ma mataki ɗaya, ashe biyu ne dab da juna.

"To wa ya raba?"

"Ba wanda ya raba, Malam. Dama can biyu ne. Na'urar da ake dubawa da ita ce ba ta da kaifi, tana ganinsu a haɗe. Da aka samu mai kaifi sai aka ga tsakaninsu."

"Mi ya sa tsakanin ya yi ƙanƙanta haka?"

Na ce saboda mayen ƙarfen cibiya rarrauna ne ƙwarai. Na nuna mashi cewa ƙaramin nan na hannun hagunsa shi ne cibiya, babban kuma shi ne ilektiron. Cibiya ce mai nauyi, ita ce a tsakiya, amma wajen ja ɗan ilektiron ɗin da ke kewaya ta ya ninka ta sau ɗaruruwa.

"Kamar gidan nan ke nan," in ji Kawu. "Malam na tsakiya da nauyi, amma ja na wurin yayata."

Har dattawa sai da suka sunkuyar da kai suna dariya. Malam bai ko kalle shi ba, hankalinsa na kan abin da ke hannunsa. Ya karkata ƙaramin a gicciye ya ce to in ya zauna haka fa, rabi yarda rabi tilas? Na ce wannan na hannu zai iya, amma na cikin ƙwayar zarra ba ya yi, duk lokacin da aka auna shi ɗayan biyun ake samu. Ya ce mi ya hana shi? Na ji Turancin hadda ya taso mani har maƙogwaro, na haɗiye shi. Na ce lissafi ya nuna haka, gwaji ya tabbatar, amma dalilin da ya sa aka halicce shi haka, ban sani ba.

Malam ya ɗago ya dube ni. Ya buɗe baki zai yi wata tambaya, sai ya fasa. Ya ajiye mayen ƙarfen, ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya sauko daga kan buzun ya tsaya gefe.

"Tashi ka koma can."

Na ce, "Haba Malam."

"Tambayoyin ɗazu na gwaji ne. Wadda zan yi yanzu so nike in sani, kuma ba a neman sani daga kan buzu. Tashi."

Ban taɓa taka buzun nan ba ko da wasa, muna yara kewaye shi muke yi. Na rarrafa na hau, da ɗuminsa da komai, na rasa inda zan sa hannuwana. Malam ya zauna a tabarma inda na tashi, ya naɗe ƙafa kamar kowane ɗalibi.

Ya tambaya ko mai zaman tilas yana komawa na yarda. Na ce yana komawa, kuma in ya juya sai ya saki ɗan ƙarfin nan da ya ɗara da shi, ya fita a matsayin igiya irin ta rediyo. A ƙwayar haidirojin, wadda ta fi kowace sauƙi, tsawon igiyar kusan taƙi ɗaya ne. Malam ya buɗe yatsunsa a kan tabarma ya auna taƙi, ya zauna yana kallonsa. Na ce amma in an bar ƙwayar ita kaɗai, takan kai shekara miliyan goma kafin ta juya.

"To wa ya zauna ya jira ta?" in ji Kawu.

Na ce ba a jiran ɗaya, suna da yawa a sararin sama ta yadda kowane lokaci wasu na juyawa, masana na kama igiyar da manyan faya-fayan ƙarfe masu kallon sama suna gane inda suke. Na ƙara da cewa irin wannan juyin, a wata ƙwayar daban, da shi ake saita agogon da ya fi kowane daidai, wanda agogon wayoyinmu ke bi. Dattijon da ya yi a'uziyya ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya dube ta da zargi.

"Rabon ya ƙare nan?" in ji Malam.

Na ce bai ƙare ba. Shi matakin na sama ma, na tilas ɗin, uku ne a kwance wuri ɗaya, in an kawo babban mayen ƙarfe daga waje sai su ware.

"Wanga kuma a wane littafi yake?"

"Shi da abin da ke bayansa, Malam, su ne nake son in je in karanta."

Malam ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga hannu, dattawa suka ɗaga, ya yi addu'ar da yake yi ma duk wanda ya sauke littafi, ba ragi ba ƙari, aka shafa. Aka aika cikin gida aka kawo dabino aka raba. Mutane suka fara fita suna ba ni hannu, wani na ce mani Allah ya ƙara sani, wani na tambaya ko abin zai iya lalata waya. Kawu ya yi sallama da gaggawar da ban san shi da ita ba, sai da ya kai ƙofa na ga makullin babur ɗin wani manne a aljihun rigarsa ta waje. Aka ɓamɓare makullin aka ba mai shi, babban mayen ƙarfena kuwa ya tafi Ɗantutture, har yau yana can ana jan shi a garke.

Zauren ya rage daga ni sai Malam. Na yunƙura zan sauka in ba shi wurinsa, ya ɗaga mani hannu.

"Zauna tukuna."

Na zauna. Ya cire tabaransa ya goge da bakin rawani, ya mayar, ya yi ta kallona a kan buzun nan, daga sama har ƙasa, kamar mai son ya haddace. A lokacin na gane abin da yake kallo, tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Tun ranar sunana yake jiran ya ga wannan, kuma da hannunsa ya shirya shi a ranar da zai sallame ni.

"Ya yi maka daidai," in ji shi. Ya ɗauki ƙaramin mayen ƙarfen da ya rage ya sa a aljihu. "Tashi ka je ka faɗa ma mahaifiyarka ta fara haɗa maka kaya."